Dashe da keji: yadda na ga aikin wani mai lambu a Kano

Duk wanda ya taɓa dasa itace a ƙofar gida ya san dashen kansa ba shi ne tsadar ba. Kuɗin yana wajen raba shi da bakin akuya, kuma a nan ake gane mai lambun da ya san aikinsa da wanda ƙasa a leda kawai yake sayarwa. Wanda zan yi magana a kansa dattijo ne daga cikin masu baje dashe a gefen titi a Nasarawa, cikin Kano. Shi da yaransa suke aikin, kuma ba sayarwa kaɗai yake yi ba. In kana so, zai zo ya duba wurin, a haƙa rami, a dasa, a kafa kejin ƙarfe da wani mai walda yake haɗa masa, sannan a riƙa turo yaro yana leƙawa har damina ta fita. Wannan aikin na haɗe muka saya, ni da wasu maƙwabtana, don layinmu da ke wajen Kumbotso. Itatuwan sun ga damina, sun ga hunturu da bazara, sun sake ganin wata daminar, don haka ina da bakin magana. Dashensa nagari ne, shawararsa ta fi dashen daraja, kejinsa yana buƙatar gyara, bibiyarsa kuwa sai a hankali.

Layinmu sabon wuri ne. Gonaki ne aka yanka filaye, kuma masu yankan ba su bar ko gawo ɗaya a tsaye ba. Titin na ƙasa ne, mai faɗi, babu inuwar da mutum zai tsaya ya gaisa da maƙwabcinsa idan rana ta take. Awaki kuwa kusan kowane gida akwai, jajayen nan na Sakkwato da Maraɗi, a sake su da safe su yi ta gararamba har magariba. Da rani shanu kan ratsa ta ƙarshen layin za su kududdufi. Mutanen unguwar sun sha karɓo dashe a wajen rabon kyauta da ake yi da damina, a dasa, a ɗauki hoto, kafin wata ya zagayo sai tsinke a tsaye.

Abin da ya fara burge ni da dattijon shi ne ya ƙi sayar mini da komai sai ya ga wurin. Yaronsa ya goyo shi a babur. Da ya sauka, sai ya auna daga katanga zuwa bakin titi da taku, ya ɗaga kai ya dubi inda wayar lantarki ta bi, ya tambayi inda ramin shadda yake da inda bututun ruwa ya ratsa. Sannan ya juyo ya ce, “Alhaji, ado kake so ko inuwa?” Na ce, “Baba, duka biyun.” Ya ce, “To sai ka haɗa da haƙuri, don mai saurin ado ba ya daɗewa da mutunci da katanga.”

Abin da kowa yake nema a Kano yanzu shi ne itacen da masu lambu suke ce wa satalayit, mai rassa a shimfiɗe hawa-hawa da ƙananan ganye, wanda ya cika gidajen mai da harabar makarantun kuɗi. Asalinsa daga tsibirin Madagaska ne. Yana da saurin girma, kuma ba a musun kyansa. Sai dai saiwarsa sama-sama take bi, tana ɗaga daɓe tana tsaga magudanar ruwa, ga shi da son ruwa. Dattijon ya ce duk ƙofar gidan da ba ta da manyan taku huɗu tsakanin katanga da ramin dashen, ba zai sa mata shi ba, ko da a jikin aljihunsa ne. Ya nuna mini mai jan furen nan, filamboyan, shi ma ɗan Madagaska, wanda yake yin ja-wur a watan Afrilu da Mayu kafin ruwa ya sauka. Laifinsa a wajensa shi ne yana zubar da ganye da rani, wato lokacin da ake neman inuwar ido rufe shi yana tsaye tsirara, ga reshensa da saurin karyewa in iskar farkon damina ta taso, ga gara tana ƙaunarsa. Dogon siririn nan na ƙasar Indiya da ake jerawa a jikin katanga, wanda suke kira maskwared, bai ma ɓata baki a kansa ba, ya ce na cikin gida ne, kuma inuwarsa ba ta isar kaza.

Inda ya daɗe yana magana shi ne kan maɗaci. Lambun nasa ma a ƙarƙashin irinsu yake, tsofaffin nan da aka jera a titunan Nasarawa tun zamanin Turawa. Itacen ƙasarmu ne, yakan kai mita 30, saiwarsa tana nutsewa, kuma yana riƙe da ganyensa kusan duk shekara. Ba ya sauri a farko. Maƙiyansa kuma sanannu ne: masu sassaƙe ɓawonsa don magani, makiyaya masu sarar ganyensa su ba shanu da rani, da wata tsutsa da take shiga kan tohon ta kashe shi, itacen ya rabu biyu tun yana ƙarami. Dogon yaro kuwa, wanda wasu suke rainawa don ya yi yawa, dattijon ya ce shi ne bai taɓa ba shi kunya ba. Shi ma baƙo ne, daga yankin Indiya ya fito, an fara dasa shi a Borno a 1928, amma yau wa zai ce Maiduguri ko Katsina ba garinsu ba ne? A can gefe kuma na hango 'yan ledoji na marga, ta dajinmu, mai furen rawaya da yake reto gungu-gungu da rani. Ya ce shekara da shekaru yana ɗaga ta, ba mai tambaya, don mutane ba su yarda abin da suke gani a hanyar ƙauye ado ba ne.

A ƙarshe maɗaci muka sa a gefen da babu waya, satalayit a gidajen da suke da fili a gaba, dogon yaro a ƙarshen layi inda shanu suke bi, ni kuma na ƙara da marga ɗaya don kwaɗayin furen.

Wajen zaɓen dashe ma ya saɓa wa abin da mai saye yake so. Ido yakan tafi kan dogon dashe da ya kai kafaɗa, a ga kamar an rage shekara guda. Ya ɗauko irinsa ɗaya, ya tsaga ledar da reza a gabana. Saiwar ta naɗe a gindin ledar, zagaye bisa zagaye, ta rasa inda za ta. Ya ce irin wannan ko an dasa shi saiwar ba ta warwarewa, haka za ta ci gaba da shaƙe kanta, shekara uku ko huɗu iska ta kwantar da shi. Ya zaɓo mana waɗanda ba su wuce ƙugu ba, masu kaurin gindi, waɗanda ya riga ya fitar daga inuwa suka saba da rana. Mai neman kuɗi kawai da dogon zai ba ni, don ya fi tsada.

An yi dashen a tsakiyar Yuli, bayan ruwa ya zauna. Lokacin daidai ne, domin daminar Kano gajeriya ce, Agusta ne ƙarfinta, zuwa ƙarshen Satumba ta fara haɗa kaya, kuma dashe yana buƙatar makonnin nan ya kama ƙasa. Ramin kusan santimita 60 ne faɗi da zurfi. Ƙasar sama aka ware gefe, aka cuɗa ta da tsohon taki da ya riga ya ruɓe, ita aka fara mayarwa. Ɗanyen taki ya ce ƙona saiwa yake yi ya kuma gayyato gara. Aka cire ledar gaba ɗaya, abin da na sha ganin 'yan kwangila ba sa yi. Aka daidaita dashen yadda ƙasa ba ta haura inda take a cikin ledar ba, aka danne da ƙafa, aka yi masa ɗan gurbi a zagaye don ruwa ya tsaya, aka barbaɗa toka. Turken da aka kafa masa da tsumma aka ɗaure, sakwa-sakwa, ba da waya ba. Duk da la'asar aka yi. A nan ban ga abin kushewa ba.

Yanzu sai kejin, wanda shi ne ya ci kuɗin.

Iri biyu yake da su. Akwai gajere da ya tsaya wajen ƙirji, kimanin mita 1.2, akwai dogo mai mita 1.8 ban da ƙafafun da suke shiga ƙasa. Dukkansu zagayayyu ne, an yi tsayuwar da rodi mai milimita 10, an ɗaure da zobe uku, sama da tsakiya da ƙasa, an bar 'yar ƙofa a gindi don sassabe da ban ruwa. Dattijon bai ɓoye ba, ya ce gajeren don masu ciniki ya yi shi, dogon shi ne keji. Maƙwabcina ɗaya ya ga bambancin kuɗin ya ɗauki gajere, kuma a kan maɗacinsa na ga yadda akuya take aiki. Ba gaggawa take yi ba. Za ta zagaya kejin tana sansana, ta ɗora ƙafafun gaba a kan zoben tsakiya, wanda mai walda ya sa don ƙarfi ita kuma ta mayar da shi matakala, ta miƙe tsaye, ta karkata kai ta zura wuya ta saman. Leɓenta na sama a tsage yake kuma yana motsi yadda take so, da shi take laluben ganye ɗaya-ɗaya har ta kai ga tohon kan, ta cafke, ta fizga gefe. Babbar akuya in ta miƙe haka bakinta yakan kai kusan tsayin kan mutum. Abin takaicin shi ne gajeren keji yana kare dashe ne a lokacin da yake ƙarami, ranar da ya leƙo ta sama, ranar ya zama abinci a faranti.

Cin ganyen gefe ba ya kashe itace, zai sake toho. Tohon kai ne matsalar, don shi yake jan itacen sama. In an cinye shi, sai rassan gefe su fara takara, itacen ya koma kurmi mai kai uku ko huɗu, duk a daidai bakin akuya, ta sake ci, ya sake rabuwa. Maɗacin maƙwabcin nan har yau yana raye, amma bai wuce kejinsa ba, alhali sa'o'insa sun haura dogon keji. Abin da ya fi wannan muni shi ne ɓawo. Da tsakiyar rani, idan babu ɗanyen abu ko ɗaya a unguwa, akuya da tumaki sukan koma gwaguyar jikin itace, har da na dogon yaro duk da ɗacinsa. A ƙarƙashin ɓawon nan akwai wani siririn sashe da abincin da ganye ya haɗa yake bi ya sauka zuwa saiwa. In an gwaguye gefe ɗaya itacen zai iya rufe ciwon. In an zagaye shi kaf, hanyar ta yanke. Ganyen zai ci gaba da kore na ɗan lokaci, don ruwa ta cikin itacen yake hawa, mai shi yana murna ya tsira, alhali saiwar yunwa tana cin ta a ƙasa. Saboda haka ko bayan kan itace ya fi ƙarfin akuya, ba a gaggawar cire keji sai ɓawon ya yi kauri ya yi kaushi.

Dogon kejin ya yi abin da aka saye shi domin shi: babu babbar akuyar da ta kai ga toho, kuma sa ya sha soshe jikinsa da na ƙarshen layi bai kayar da shi ba. Amma yana da aibu, kuma ba ƙanana ba.

Tazarar da ke tsakanin rodi da rodi ta kai faɗin tafin hannu da ɗoriya. Babbar akuya ba ta shiga, amma ɗan akuya kansa yana wucewa har kafaɗa, wani ma ya kutsa gaba ɗaya ya kwanta a gindin dashen yana ci a nutse. Maganin ba wuya, a naɗe mita ɗaya na ƙasa da wayar kaji. Da na koma na faɗa masa, sai ya ce, “Ai Alhaji wannan daban ake biya.” Wannan bai yi mini daɗi ba. Mutumin da ya san halin akuya fiye da kowa ya san tana haihuwa, kuma keji marar waya a unguwa irin tamu rabin keji ne. Kamata ya yi a faɗi wannan tun ranar ciniki a sa shi a cikin kuɗin.

Sai fenti. Kore aka shafa sau ɗaya a kan ƙarfe tsirara, ba a fara sa jan fentin nan mai hana tsatsa ba. Kafin damina ta fita ƙafafun sun fara ci a daidai inda suka haɗu da ƙasa, inda laima take zama. Waldar 'yar ƙofar kuma ɗigo-ɗigo aka yi, yara suka yi lilo da ita ta ɓalle a keji fiye da ɗaya, kuma keji mai buɗaɗɗiyar ƙofa da babu duk ɗaya.

Faɗin kejin santimita 60 ne, ko wane itace ne. Ga maɗaci da dogon yaro da suke miƙewa sama, ya isa. Ga satalayit bai isa ba, domin shi a kwance yake fitar da reshe, cikin 'yan watanni rassan suka leƙo ta tsakanin rodi, awaki suka jeru suna aske su. Ko dai a yi masa keji mai faɗin mita guda, ko a riƙa datse hawan ƙasa da wuƙa mai kaifi ana barin na sama. Mai lambun da ya gargaɗe ni kan saiwar itacen nan ya kamata ya tuna da reshensa.

Akwai kuma maganar da ba wanda ya yi tunaninta ranar kafawa: yaya za a cire shi? Zobe ne a rufe, an walde, ƙafafu a cikin siminti. Ranar da itacen ya yi kauri sai an kira mai injin yanka, in kuma aka yi sakaci ƙarfen ya nutse a jikin itacen, abin da ake gani a titunan gari da yawa. Da an yi shi ɓari biyu ana haɗawa da noti, da an kwance shi an kai wa wani sabon dashen. Sai dai abin da ya sauƙaƙa wa mai shi ya sauƙaƙa wa ɓarawo. Keji ɗaya a layinmu da aka ce a bari sai gobe a sa masa siminti, da gari ya waye babu shi, kuma kowa ya san ƙarfe a kilo ake saye a wajen 'yan jari-bola. Mai waldar da ya gyara mana ƙofofin ya ba da shawarar da na ga ta yi: a yi ɓari biyun, a ɗaure notin, a ɗiga masa walda a kai, a sa siminti a ƙafa biyu kawai.

Gabanin Babbar Sallah kuma sai ka sa ido, don masu raguna suna ganin keji sun ga turke. Rago ɗaya mai ƙarfi ya isa ya karkatar da shi cikin yini guda. Wannan ba laifin mai lambu ba ne, magana ce tsakaninka da maƙwabta, kuma gara a yi ta da fara'a tun kafin a sayo ragon.

Tunda ba kowa ne a unguwar ya sayi keji ba, na samu damar kwatantawa. Ƙayar magarya ko ta bagaruwa ita ce kariyar iyaye da kakanni, kuma a ƙauye har gobe tana aiki, amma a gari samunta wuya ne, tana bushewa iska ta watsa ta, yara su taka, wata rana a kwashe a hura wuta. Tsohon gidan sauro da ake naɗawa a kan sanduna huɗu yana hana akuya ganin ganyen, sai dai rana tana cinye shi kafin rani ya ƙare, ƙaho ɗaya ya isa ya yage shi. Zana da kwando abincin gara ne. Wasu sukan dama kashin awaki da ruwa su yayyafa wa ganyen, akuya ta ƙi ci, kuma gaskiya tana ƙi, har zuwa ruwan farko ko sabon toho. Abokin takarar keji na gaske shi ne ginin bulo mai tagogi, wanda ake jera bulo ana barin rata. Ba mai sace shi, sa ba ya ture shi. Illarsa yana ɗaukar zafi da bazara, yana zama kwandon shara, kowa ya sha ruwan leda ya jefa ciki, kuma in aka toshe shi babu rata sai dashen ya miƙe siriri marar ƙarfi yana neman haske. A ganina, itacen da yake nesa da idon mai shi, kamar na bayan makaranta ko gefen maƙabarta, bulo ya fi masa. Na ƙofar gida kuwa, da ake gani safe da yamma, keji ya fi, don iska da haske suna ratsa shi, ga shi kana ganin halin da dashen yake ciki ba sai ka leƙa ba.

Wannan wahalar ba tamu ce mu kaɗai ba. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar, inda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara jera dogon yaro don tare iska a 1975, sai da aka sa masu gadi suna korar dabbobi a shekarun farko kafin layukan su tashi. A Maraɗi kuma, Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan ƙasar Ostireliya, ganin yawancin dashen da ake yi yana mutuwa ne ya sa a 1983 ya koma ga kututturan da suke toho da kansu a gonaki, a rage rassan a bar masu ƙarfi, domin su saiwarsu ta riga ta yi nisa, ko an ci kansu suna da abin sake tashi. Dashen leda ba shi da wannan ajiyar. Dattijon bai san sunan Baturen ba, amma tambayar da ya yi mini ranar da ya zo ita ce ko akwai wani abu da yake tsirowa da kansa a ƙofar gidan, aduwa ko magarya ko tsamiya, a sa masa kejin maimakon a sayi sabo. Babu, masu yanka fili sun tumɓuke komai.

Bibiya ita ce inda aikin ya fi rauni. Yaron ya zo a farko-farko, ya sassabe, ya gyara ɗauri, daga nan sai waya ta riƙa shiga ba a ɗauka. Na lura lokacin ne cinikinsu yake kan ganiya, yaran ba sa isa. Wannan dalili ne amma ba uzuri ba ne, tunda an karɓi kuɗin. Abin da ya wanke dattijon a wajena shi ne alkawarin musanya. Gara ta ci satalayit ɗaya daga saiwa, na je na faɗa masa, bai yi gardama ba, bai tambayi ko na ba shi ruwa ba. Ya ce in bari sai ruwa ya sauka kada a yi asara biyu, kuma da ruwan ya sauka ya aiko da wani.

Ban ruwan rani kuwa naka ne, kada ka saurari wanda zai ce maka itace in ya kama shi ke nan. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Afrilu kusan babu ɗigon ruwa daga sama, kuma a Afrilu zafi yana haura digiri 40. Ƙa'idar da ya ba mu ita ce jarka ɗaya ta 'yan ga-ruwa, mai lita 20, sau biyu a mako, a zuba a hankali ya nutse, maimakon yayyafin kullum da yake sa saiwa ta tsaya a sama. Ya koya mana binne gorar roba da aka huda gindinta a gefen dashen, a riƙa cika ta, ruwan yana tsiyaya kai tsaye inda saiwa take. Maƙwabcina da yake alwala a gindin dogon yaronsa sau biyar a rana bai taɓa sayen jarka ba, kuma nasa ya fi na kowa ganye. Ruwan wanki mai omo dai a kai shi wani wuri. In za ka rufe gindin da busasshiyar ciyawa don laima, bar tazara tsakaninta da jikin dashen saboda gara.

Batun kuɗi, faɗin adadi ba shi da amfani, don tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashin rodi ba ya kwana inda ya yini. Ma'aunin da zan bayar shi ne dashen ɗaya bai fi kuɗin kwanon abinci a shago ba, dogon keji da kafawa da siminti kuwa ya haura kuɗin buhun siminti biyu. Da tsada, amma araha ba ta ado, gajeren kejin maƙwabcina shaida ne. In za ka yi ciniki, a kan kejin za ka yi, kuma in kun haɗu gida huɗu ko biyar mai walda yana ragewa, don sandar rodi mita 12 ce, yankan da yawa ba ya barin gutsattsari.

Zan sake komawa wajensa, don masu masallacin layinmu suna son durumi, shi kuma ya ce reshe babba ake kafawa ba dashen leda ba, sannan akuya tana son ganyensa fiye da duk waɗanda muka sa. Wannan karon da sharuɗɗana zan je: dogon keji mai ɓari biyu, wayar kaji a ƙasa, jan fenti kafin kore, cikakkiyar walda a ƙofa, kuɗin bibiya kuma rabi yanzu rabi in damina ta fita. A watan Mayu za a ba da aikin, yadda mai walda zai gama kafin ruwa ya zauna, kejin da simintinsa su iso wurin kafin a kawo reshen.